Malam Iro Ba Ya Wuce Babba

A duk Hausawan da suka zauna London a shekarun tamanin da casa'in, in ka cire mutum ɗaya, babu wanda ya san duwatsun Wales kamar ni. Iskar tekunsu ta san fuskata. Tumakinsu in sun hango ni matsawa suke yi, don girmamawa. Mutum ɗayan da na cire shi ne Malam Iro, Allah ya ji ƙansa. To, ku da kuka san mu kun san yadda sanin nawa yake: ni ne direba. Shekara da shekaru ina kai shi tseren dutse, shi ya hau, ni in zauna a mota da filas ɗin shayi ina sanin duwatsun ta gilashi.

Mutumin Kwatarkwashi ne. Karatu ya kawo shi Bloomsbury, ya gama ya samu aiki a council, wato ƙaramar hukuma, ya zauna Woolwich da matarsa Hajiya Rabi. Kowace safiya za ka gan shi yana haye tudun bayan unguwarsu da gudu, da hula a kansa da wando har ƙasan gwiwa, don ya ce gudu bai halatta wa kowa buɗe cinya ba. Wata Juma'a a masallacin Whitechapel, bayan an idar, wani Alhaji ya tare shi.

"Malam Iro, mutum da iyalinsa da mutuncinsa, wa ya biyo ka ne kake wannan gudu?"

"Alhaji, mu a garinmu mun iya hawan dutse kafin mu iya sa wando. Ku da aka haifa a fili sai haƙuri."

Tseren da ya fi so ana yin sa ne a wani ƙauyen bakin teku, inda hanya ke hawa dutse ta bi gefen ruwa, siririya, mutum ɗaya take ɗauka. A can muka gano matsalarsa. Malam Iro yana da ƙafa, wallahi da ya so da ya ba yaran Turawa kunya. Amma ba ya wuce wanda ya girme shi.

Shekarar farko ya cim ma wani tsoho mai furfura, makiyayin tumaki da ake kira Evans. Tsohon ya ji numfashi a bayansa, ya raɓe gefe ya ce ya wuce. Malam Iro ma ya tsaya.

"A'a Baba, bismillah."

"Wuce mana, ka fi ni sauri."

"Ba a yin haka, Baba."

Suna tsaye suna wannan, rabin ƙauyen ya wuce su. Da suka sauko, tsoho a gaba shi a baya, na ce, "Malam, tsere ne fa. An yi shi ne don a wuce mutane."

"Tseren ne ya ce in zubar da tarbiyya? In shiga gaban mai furfura, ya riƙa kallon ƙeyata? Garba, wa ya rene ka?"

In bai tabbatar da shekarun mutum ba, tambaya yake yi, ana cikin gudu. Sau ɗaya ya wuce wani mai hular sanyi, sai a ƙarshe mutumin ya cire hula, kai fari fat. Malam Iro ya bi shi har wurin ajiye motoci yana ba shi haƙuri. Bawan Allah ya ɗauka an ɓata masa mota ne, ya zagaya ta yana dubawa.

Haka ya yi ta zuwa a bayan Baba Evans, shekara bayan shekara, tsoho yana ƙara tsufa, Malam Iro yana ƙara rage gudu. Hajiya Rabi takan ce, "Mijin kowa in ya je gasa yana dawowa da kofi, nawa da gaisuwar tsoho yake dawowa." Da Baba Evans ya rasu, na tuƙa shi har ƙauyen ta'aziyya. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa. 'Yar tsohon, Megan, ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta zauna a ƙasan ita ma.

Ba a daɗe ba ya fara ramewa. Asibiti suka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. A falonsu ya gaya mini.

Ya ce, "Na yi booking na tseren bana."

Hajiya Rabi ta ce ba inda za shi. Ya ce yana so ya sake ganin tekun daga sama ko sau ɗaya, kuma ya sauko da ƙafarsa kafin a naɗe igiyar ƙarshen tseren, kada a ɗauko shi a mota kamar buhu. Ta yi kuka, ta gaji, sannan ta dube ni.

"Sai dai in Garba zai bi ka. Da ƙafa."

Na dubi tumbina, na ce to.

Ba zan ce muku gudu muka yi ba. Tafiya ce, yana tsayawa yana dafa dutse. Rigarsa ta yi masa yawa, iska tana kaɗa ta. Masu sauri duk sun wuce tun a ƙasa. Da muka shiga siririyar hanyar, sai muka ji takun mutane a bayanmu. Megan ce da wasu 'yan ƙauyen da suka san shi. Malam Iro ya raɓe gefe. Suka tsaya. Ya yi musu hannu. Babu wanda ya motsa.

Ransa ya ɓaci. "Garba, gaya musu su wuce. Yaushe na zama tsoho?"

Ban kai ga fassarawa ba Megan ta ce, "Yau kai ne babba, Iro."

Ya dube ta. Sannan ya gyara hularsa ya shiga gaba. Da muka kai ƙololuwa, teku ya buɗe a gabanmu har inda ido ya ƙare. Ya tsaya yana haki. Na ɗauka zai yi hamdala ne da kyan wurin, sai ya ce a hankali, "Ashe haka gaban yake. Babu kowa." Ya share ido da hannun riga. "Bayan mutum ya fi daɗi."

Daga nan na kama hannunsa, ban sake ba har ƙasa. Mun tarar sun fara naɗe igiya, da suka hango hular sai suka mayar. Ya tsallaka da ƙafarsa.

Sanyin shekarar bai fita ba ya rasu. A nan London muka rufe shi, nesa da dutsen garinsu. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Ya girmama tsofaffin mutane duk inda ya same su, ya Allah ka girmama shi a wurinka, ka sada shi da magabatansa na gari.

A zaman makoki a flat ɗinsu, maza sun cika falo an yi jugum, na ga shirun zai kashe mu. Sai na fara ba su labarin ranar, yadda na riƙe shi gam a kan dutse, iska tana neman ɗauke mu, ni kaɗai tsakaninsa da teku. Har wasu sun fara sa mini albarka. Sai muryar Hajiya Rabi ta fito daga bayan ƙofa, a dishe saboda kuka.

"Gaskiya ne, Garba, ya gaya mini ka riƙe hannunsa. Amma ya ce shi ke ja."