Baba Ndagi da Gashin Aro

Ni fa ban ce ina son fim ba. Ina zaune gindin mangwaro a Kpakungu yayata Hadiza ta zo ta ja ni, wai fim ɗin minti goma za ta kai makaranta, in ba ta kai ba sai ta maimaita shekara. Wai ni ne jarumi. Da na san Baba Ndagi ne zai riƙe kyamara, da na ce ina zazzaɓi.

Kun dai san shi da igiyar nan a aljihu. Shekara da shekaru yana ɗaukar biki, amma ko gaisuwa za a ɗauka sai ya shimfiɗa igiya tsakanin mutum biyu, kyamara ba ta tsallakawa. Hadiza ta ce ɗaya gefen ya fi haske.

"Tsallaka mana, 'yata. Sai a ga ƙaninki yana zagin ƙeyar mutum."

Ta dawo.

A fim ɗin akwai wurin da nake cin burodi a teburin mai shayi. Na gatsa, sai ruwan sama ya sauko. Baba ya ƙwace burodin ya ƙulle a leda. Bayan kwana huɗu muka dawo, ya miƙo min shi, har ya fara kore.

"Baba, a sayo sabo mana."

"Sabon zai zo da haƙoranka a jiki? Juya koren ta wajenka, kyamara ba ta jin wari."

Rigata kuwa sati uku ya hana a wanke, saboda ɗigon shayi a ƙirji. A masallaci sahu har buɗewa yake in na shigo.

Aski ma ya hana. Ranar Juma'a wata yarinya a Tudun Wada ta ce kaina kamar tsintsiyar kasuwa, ni kuwa na wuce shagon aski aka yi min ƙwal. Saura fitowa ɗaya, Litinin za a kai fim. Hadiza na ganina ta zauna a ƙasa ta fara kuka. Na ce a sa min hula mana. Baba ya ce wato mutum ya shiga ɗaki da suma, ya juyo da hula?

Ya je shagon da kansa, ya share ƙasa, ya dawo da gashi cike da leda da ƙaro a gwangwani. Ya danne ni tsakanin gwiwoyinsa ya hau liƙi.

Hadiza ta ci jarrabawarta. Baba bai ga takardar ba, kafin ta fito ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Magana ɗaya ce har yau ban samo amsarta ba. Yana cikin liƙin na ce, "Baba, wannan ba gashina kaɗai ba ne, har da furfura a ciki."

"Daga nesa zan ɗauka. Bar ta, ita kaɗai ce hankalin da ya taɓa hawa kan nan."