Idon da Ya Ci Jarrabawa Shekara Huɗu

Shekara goma sha tara Malam Danna ya yi a ɗaki marar taga yana gwada idon mutane. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Majinyaci zai ɗora haɓa a kan na'ura, ya leƙa cikin wani farin ƙoƙo, shi kuma ya miƙa masa maɓalli ya ce, "In ka ga haske, danna." Ɗigon haske kan bayyana nan, ya bayyana can, na'ura ta zana taswirar inda ido ke gani da inda ya mutu.

Farfesa, shugabar sashensu, ita ce ta ƙirƙiro gwajin. Ta ƙarar da ƙuruciyarta kan hawan jinin ido, cutar da ke cin jijiyar gani daga gefe, ba zafi ba ja, har mutum ya koma leƙen duniya ta bututu. Abin da ta ci ba ya dawowa, sauran ake tsarewa. Asibitoci da yawa da jadawalin Farfesa suke auna majinyata, jadawalin masu lafiyayyen ido, kuma duk shekara ma'aikatanta kan zauna a gwada su a ƙara a ciki. Malam Danna bai taɓa karanta takardunta ba, amma yakan gaya wa maƙwabta, "Mun sake fitowa a mujalla."

Shekara huɗu da suka wuce ya zauna nasa gwajin, ɗigon da ke zuwa sama ta hagu bai zo ba. Ya san lokacin zuwan ɗigon ne. Ya ga jerin hasken nan sau dubbai, ya haddace shi kamar hanyar gidansa: uku a tsakiya, numfashi ɗaya, sai sama ta hagu. Wa zai bar mai ido ɗaya da rabi yana gwada idon jama'a? Ya danna. Sakamako ya fito tas.

Da shekara ta zagayo, ɗigo bakwai ya danna da ka. Ya sayi maganin ɗigawa a wani kanti nesa da asibiti, ba tare da an auna shi ba. A banɗakin ma'aikata yakan rufe idon dama da tafin hannu ya duba abin da ya rage.

A gida ya sake yin karo da ƙofa, matarsa ta ce, "Baban yara, ƙofar nan shekara ashirin tana wurinta. Me ta yi maka?"

"Kafinta ya karkatar da ita."

"Shi ya karkatar da butar shayi ma? Da ƙafar babata da ka take?"

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo ta zauna a kujerar da ke hagunsa. Minti ashirin yana goge na'ura yana jiran majinyaci.

"Ɗana," in ji ta, "kai ne mai gwajin, ko kai ma layi kake?"

Ya gwada ta, ya raka ta ƙofa, ya wuce ofishin Farfesa, ya tsaya ya kasa zama.

"Ranki ya daɗe, ba na gani ta hagu. Ta dama ma ta fara."

"Kai? Sakamakonka ya fi nawa kyau."

"Haddace shi na yi."

Ta cire tabarau. "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Ta shiga lissafi da yatsu. Ya ɗauka idonsa take lissafawa. Sai ta ce, a hankali, "Kenan kana cikin jadawalin." Ta ji abin da ta faɗa, ta miƙe da sauri, ta kamo hannun rigarsa kamar zai gudu, ta zaunar da shi, ta leƙa jijiyar da fitilarta. Ta leƙa hagu ba ta daɗe ba. Ta leƙa dama ta daɗe.

"A ceto min wannan, ranki ya daɗe," ya ce. "Ko sharar ɗakin ce a ba ni."

"Yi shiru, kana motsi."

An yi masa tiyata a satin. Hagu ta tafi, dama ta tsira da gani mai faɗin faranti. An mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, inda komai a gaban mutum yake. Farfesa ta cire lambarsa daga jadawali, ta aika wa mujalla gyara, ta sa na'ura ta riƙa sauya jerin hasken ga kowane mutum. Masana sun yaba wa wannan sabon tsari ƙwarai, ana ta ambatonsa. A ƙasan takardar da ta wallafa a kai ta gode wa "wani ma'aikaci".