Ranar Da Na Hana Tsoho Zuwa Ƙofar Ƙaninsa

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Alhamis, mu uku ne a wani ɗaki a hawa na biyar a unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira: ni, da tsohon da ke kwance, da wata Bamisiriya 'yar ƙungiyarmu da ta kawo masa miya. A nan na yi kuskuren da na ɗauki alƙalami domin in faɗa. Amma bari in bi abin daki-daki.

Ni Bahaushe ne, Kirista ɗan Katolika, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba. Tuƙi ya kawo ni Alƙahira, ina yi wa wani gida aiki a unguwar Madinat Nasr. A lokacin ni mutum ne mai tsauri. Komai sai na jera shi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma ba na yarda a tsallake. A cocinmu na shiga wata ƙungiya ta masu bi, babu fada ko sista a cikinmu. Mukan taru mu yi addu'a, mu ziyarci tsofaffi da marasa galihu, mu kuma sasanta waɗanda suka ɓata. Ba ma tambayar mutum addininsa.

Da yaƙin Sudan ya koro mutane, aka haɗa ni da wannan tsoho domin ni kaɗai ke jin Hausa a ƙungiyar. Musulmi ne, kakanninsa sun yada zango a Sudan a kan hanyar hajji. Ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ina kiransa Baba, shi kuwa Sajan yake ce mini, wai ko shayi zan zuba masa sai na duba agogo. Yakan ce Hausata ta coci ce, ni kuma in ce tasa rabinta Larabci, mu yi ta dariya. Sai da muka saba sosai ya buɗe mini cikinsa. Yana da ƙane a unguwar Faisal, tafiyar ƙaramar bas ɗaya, amma sun shekara ba sa magana. Lokacin gudu, ƙanin ya fara fitar da iyalinsa da alkawarin zai komo ya ɗauki mahaifiyarsu. Hanya ta toshe, tsohuwar ta rasu a hannun Baba. Da suka haɗu a Alƙahira, Baba ya faɗa a gaban mutane cewa shi ba shi da ƙane.

Ƙungiya ta ɗora mini sulhun, na kuwa tsara shi yadda ake yi a gida. Na ɗaya, in je in gai da ƙanin. Na biyu, ya aiko da gaisuwa. Na uku, ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya nemi gafara, domin ƙarami ke zuwa wajen babba. Na ɗaya ya yiwu. Na biyu ma ya yiwu, har da dabino ya aiko. A na uku abin ya tsaya. Kowane mako sai ƙanin ya ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, mako mai zuwa in Allah ya yarda.

To, ranar Alhamis ɗin nan Baba ya ce in miƙo masa jallabiyarsa, yau Faisal zai je. Ya ce bakinsa ne ya furta maganar, ƙafarsa kuma ya kamata ta je ta janye ta. Da na fassara wa Bamisiriyar, ta miƙe ta ce yalla, wato mu je, mu riƙe shi mu sauko da shi a hankali, ita za ta samo mota. Na ƙi. Na ce bai dace babba ya taka zuwa ƙofar ƙarami ba, kuma saura mataki ɗaya tak, a bar ni in ƙarasa. Baba ya daɗe yana kallona. Sai ya yi murmushi ya kama hannuna, ya ce khalas, wato shi ke nan, Sajan ya yi magana, ya gode da na tsare masa girma.

Ran Litinin da safe ya rasu.

Ni na je Faisal na kai labarin. Ƙanin ya zauna a kan matakalar bene yana kuka kamar ba dattijo ba. Ya ce sau biyu yana zuwa har gindin benen yayansa ya juya, ba fushi ya hana shi hawa ba, kunya ce. A nan na gaya masa gaskiya, cewa yayansa ya nemi jallabiya domin ya zo wajensa, ni na hana. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in maimaita masa abin da yayansa ya faɗa. Na maimaita. Ya ce in sake, na sake. Sannan ya share fuska ya ce saƙo ya makara amma ya iso, Allah ya saka mini da alheri. Da aka yi jana'iza ina tsaye a wajen masallaci, ya fito ya jawo ni ya tsayar da ni kusa da shi muna karɓar gaisuwa tare.

Al'adarmu ba ta da laifi, kuma har yau ina girmama ta. Laifin nawa ne. Na ɗauka girman Baba nake tsarewa, ashe tsarina nake tsarewa. Mutum mara lafiya ya yi abin da ya fi wuya, ya sauke fushinsa, ni da aka aiko in gyara na tsaya masa a ƙofa.

Mai karatu, roƙona gare ka ɗaya ne. Idan aka sa ka tsakanin mutum biyu, ɗaya ya ce yau zai je, kada ka duba babba ne ko ƙarami. Ka kama hannunsa ka kai shi a ranar.