Sawun Dutsen Guga a Ciyawar Alhaji

Surukina ya dawo daga aikin Hajji da abin da ba mu taɓa gani ba a Gwandu: ciyawar roba, koriya shar, a naɗe kamar tabarma. Aka shimfiɗa ta a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda yake karɓar baƙi. Rani ya ƙone ko'ina, amma gidan Alhaji kamar tsakiyar damina. Har akuyar gidan sai da ta gwada sa'arta, ta tauna ta tofar.

Ni na ƙona ta. Ƙunar tsautsayi ce. Abin da na yi bayanta kuwa da gangan na yi shi.

A ƙarshen mulkin soja ne, ina aikin masinja a Kalgo. Matata tana wankan jego a gidansu, na je duba ta ran Juma'a. Babbar rigata ta yamutse a mota. Akwai wani tsoho mai wanki da guga da ya daɗe yana yi wa gidan aiki. Ya zuba gawayi a dutsen gugarsa, ya zagaya baya kwaso shanya. Na tuɓe rigata na hau goge ta a tabarmarsa, daga ni sai singileti. Sai na ji gyaran muryar Alhaji a zaure. Surukina ya gan ni haka? Na dire dutsen a ƙasa kamar yadda kowa ke yi, na faɗa ɗakin baƙi. Na manta wannan ƙasar ba ƙasa ba ce.

Wari ne ya tara mutane. Sawun dutsen ya fito baƙi ƙirin, har da tsininsa.

"Alhaji, ban taɓa ƙona ko hula ba a gidan nan," in ji tsohon.

"To dutsen wa ne?"

Tsohon ya dubi rigata mai sabon kari, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni ma ban ce uffan ba. Alhaji ya ce masa daga ranar ya huta. Kafin sati labari ya zaga unguwa, gidaje suka daina ba shi kaya. Ranar da abin ya faru kuwa sahu ɗaya muka yi sallar Juma'a da tsohon.

Don in rage wa kaina nauyi, na ce wa Alhaji zan gyara. Na yanko ƙyalle daga gefen da randa ta rufe, na cire ƙonannen wurin, na manna da sholisho. Ya zauna daram, amma launinsa ya fi sauran duhu, ana hango shi tun daga zaure. Kakar matata, wadda muke wasa da ita, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Angona, da tabo ne, yanzu ka mai da shi tambari!"

Na koma Kalgo wurin mahaifina. Baduku ne, kuma tun da na gama firamare nake jin sana'arsa ta yi mini kaɗan. Na durƙusa a rumfarsa da guntun ciyawar a hannu.

"Yau akawu ya ɓace hanya?" in ji shi.

Na faɗa masa komai, har da shirun da na yi. Bai yi faɗa ba. Ya jawo buzun akuya ya ce in shafa daga wuya zuwa wutsiya, sannan in dawo da hannun baya. Ya miƙo mini guntun ciyawar ya ce in yi haka. Ashe ita ma gashinta yana da kwanciya. Ni kuwa na manna nawa yana kallon yamma, sauran na kallon gabas.

Ya nuna mini yadda ake yanka ta baya don kada wuƙa ta aske gashin, da yadda ake sa fata a ƙarƙashi a ɗinke. Na kai hannu zan ɗauki basillarsa, ya dafe ta.

"Wagga ba ta zuwa Gwandu sai ka yi alkawarin gaya wa Alhaji wanda ya aje dutsen."

"Baba, surukina ne fa."

"Shi wancan tsohon ba surukin kowa ba ne?"

Na yi alkawari. Gara ɗaukar buhun gero daga Kalgo zuwa Gwandu a ƙafa da maganar da na yi a gaban Alhaji. Da ya gama ji, ya ce, "Ba ni ka ɓata wa ba." Ya aika a kira tsohon.

Kafin ya iso na ɓanɓare tsohon facin, na yanko sabo, na shafa shi sau uku kafin in aza. Na shimfiɗa fata a ƙasa, na shafa sholisho, na ɗinke baki da baki ta baya. Na tsefe gashin da tsohon matajin kaka, na barbaɗa ɗan rairayi don ya saje.

Tsohon ya shigo, na nemi gafararsa a gaban kowa. Alhaji ma ya nema, abin da ban taɓa ji ba. Sannan ya ce, "To, nemo mana wurin."

Tsohon ya rarrafa yana shafawa da tafin hannu, ya kai gefe ya dawo. Kaka ta taya shi da sandarta. Ba su samu ba. Ta rangaɗa guɗa har akuyar ta firgita.

Ran nan aka fito wa tsohon da kayan wanki ɗauri biyu. Daga baya gidaje biyu da suka sayi irin ciyawar, ɗaya a Gwandu ɗaya a Kalgo, ni suke kira in garwashin shayi ya faɗa mata. Basillar tana hannuna har yau.

Ranar dai, da tsohon zai fita ya aza ɗaurin a ka, ya ɗauki dutsensa, ya juyo.

"Malam, ɗinki kam ka iya. Amma guga, don Allah ka bar mini."