Ƙarfen da Ya Kusa Cin Hannuna

Kafin in zama ɓarawo, tela ne ni a Mansur, nan cikin Makka. Mahaifiyata ta taho da ni daga ƙasar Katsina ina goye, muka yi shekaru a Sudan, sannan muka ƙetaro teku. Ita tana tuyar waina a bakin layi, ni ina ɗinka jallabiya a wata 'yar rumfa. A shekarun da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami ke nan. Ba ni da arziki, amma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Ku samari nake rubuta wa wannan, kuma wallahi har yau in na tuna wautata sai in ji kamar in shara wa kaina mari.

Ni siriri ne a lokacin, abokaina suna kirana Tsinke. Wata rana a shagon wani wanzami na ga mujallar Masar, cike da hotunan ƙarti masu ɗaga ƙarfe, ƙirji a buɗe, damatsa kamar turmi. Shi ke nan, na kamu. Na sami gwangwanin man shanu biyu, na cika su da siminti, na soka bututun ƙarfe a tsakani, na fara ɗagawa a bayan gidanmu safe da yamma.

Maƙwabcinmu Baba Tanko tsohon ɗan kokawa ne daga Gobir, ya koma ɗan garuwa a nan. Ya leƙo ta katanga ya kalle ni, ya ce: "Ɗana, in jiki kake so, zan koya maka. Amma daga ƙasa ake fara gini." Ya tsara mini aikin mako: rana ɗaya ƙirji da kafaɗa, rana ɗaya baya da wuya, rana biyu cur ƙafafu, tsugunne-tashi da ƙarfe a kafaɗa, sannan in ɗauki garwarsa biyu in hau dutse da su. Ya ce abin da hannun dama ya ɗaga, hagu ma ya ɗaga daidai, kuma in ci abin da Allah ya hore, in yi barci.

Na ce masa: "Haba Baba, wa zai ga ƙafa a cikin jallabiya?"

Ya ce: "Ƙasa za ta gani, ranar da ka kai mata ziyara."

Ban ji ba. Ranakun ƙafa na mayar da su na ƙirji. Garwa kuwa na ce ni ba jaki ba ne. Cikin shekara guda sama ta buɗe, jallabiyata ta matse a kafaɗa, na daina jin Tsinke a bakin kowa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ina nan yadda uwata ta haife ni. Baba Tanko in ya gan ni sai ya girgiza kai ya ce: "Ga zakara ya wuce." Ni kuwa sai in ƙara banƙaro ƙirji, wai ni a dole yabo ne.

To, ƙirji ba ya cin iska. Mujallar ta ce ƙwai da madara da nama, ni kuma ɗinkin ya ja baya, don rabin yini ina bayan gida ina nishi. Na fara da ƙwan mahaifiyata. Ta yi ta zargin kyanwar maƙwabta, har ta jefe ta da takalmi a gabana. Daga nan na koma kantuna. Kun san al'adar garin nan: in aka kira salla, mai kanti ba ya kulle komai, ƙyalle kawai zai yafa a kan kaya ya nufi masallaci. Amana ce tsakanin mutane da Allah. Ni kuwa wannan ƙyallen na mayar ƙofar samu. Jama'a suna ruku'u, ni ina cusa gwangwanin madara a aljihu. Wannan shi ya fi komai ci mini rai a yau.

Wata rana Baba Tanko ya tsinci tarin gwangwanayen da na ɓoye a bayan randa. Ya ce: "Tela ba ya shan wannan da kuɗin allura. Ka san abin da ake yi wa hannun ɓarawo a garin nan?" Na ce masa wani Bayamane na yi wa ɗinki ya biya ni da su. Daga ranar ya daina leƙo katanga.

Simintin ya yi mini sauƙi, na fara neman ƙarfe na gaske. A unguwar Aziziyya akwai wani fili mai katanga inda wani Balarabe Bahadarme yake gyaran manyan motocin alhazai bayan an gama aikin hajji. Na hango faya-fayan ƙarfe biyu na ƙafar mota, masu rami a tsakiya, kamar don bututuna aka ƙera su. Kwana uku ina zagaya wurin. Ranar ta huɗu, da aka tayar da sallar azahar, na shiga na rungumo su duka biyu.

Ɗauka ba ta ba ni wahala ba, hannuwa sun iya. Tafiyar ce ta gagara. Ban yi taku talatin ba gwiwoyina suka fara rawa. Sai na ji ihu a bayana: "Harami! Harami!" Wato ɓarawo. Na zubar da ƙarfen na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ai kuwa ta ba ni amsa, don ban ba ta komai ba! Wani askari ne, wato ɗan sanda, ya kama ni, dattijo mai tumbi, da silifa a ƙafarsa. Bai ma yi gudu sosai ba. Ya tarar da ni a durƙushe ina haki, ya dafa kafaɗata ya ce: "Ya shekh, duk wannan jikin?" Kai, da ma duka ya yi mini.

Wata biyu na yi a tsare kafin a kai ni gaban alƙali, kuma ba abin da nake kallo sai hannuna na dama. Da shi nake riƙe allura da almakashi, da shi nake cin abinci. In ya tafi, ba ɗinki, ba komai. Mahaifiyata ta je ta durƙusa wa Bahadarmen, ya ce mata magana ta riga ta kai gaban hukuma, yafewarsa ba za ta tsayar da komai ba yanzu.

Ranar shari'a alƙali ya tambayi Bahadarmen abu ɗaya: a ina ƙarfen yake, kuma wurin a kulle yake? Sai a ranar na san ba a yanke hannu sai in an ɗauki kaya daga inda aka killace su. Mutumin nan yana jin haushina ƙwarai, ko kallona ba ya son yi. Da ya ce "a kulle", ba mai ƙaryata shi. Ya ɗago kai ya dubi alƙali. Sannan ya ce: "Gaskiya, ƙofar ta karye tun kafin hajji, mota ce ta buge ta. Awaki ma shiga suke yi." Mutumin da na yi wa sata yana salla, shi ya ji tsoron Allah a kaina. Aka yanke mini bulala da shekara biyu.

A kurkuku ƙirjin ya zube cikin wata huɗu, gurasa da miyar wake ba sa riƙe damtse. A ɗakinmu akwai wani mutumin Barno, ɗan shekara kamar tawa. Agogo ya ɗauka, amma shi akwatin da ya fasa a kulle yake. An riga an yanke hannunsa kafin a kawo ni. Ni nake ɗaure masa mazagin wando kullum da safe, ni nake zuba masa ruwan alwala, shi kuma yana kawar da kai don kunya.

Da na fito na je na duƙa gaban mahaifiyata, na faɗa mata gaskiyar ƙwan, na bi masu kantunan ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Wasu sun yafe, wani ya kore ni, kuma bai yi laifi ba. Baba Tanko ya karɓe ni ba tare da gori ba. Na koma kan kekena, na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa.

Saboda haka, samari, ban ce kada ku ɗaga ƙarfe ba, lafiya ce. Amma ku ba kowace gaɓa haƙƙinta, sama da ƙasa, dama da hagu, kuma ku bi maganar wanda ya riga ku sani. Ku gina jiki da abin da guminku ya saya, ko da gurasa ce da wake. In wanda kuka samu bai kai na hoton mujalla ba, ku haƙura da shi. Kada ku ce ai ƙwai ɗaya ne, ni ma daga nan na fara. Ni da mutumin Barnon nan laifinmu ɗaya, ban fi shi komai ba. Ni ƙofa na tarar a karye, shi ya tarar da tasa a kulle. Na fito na bar shi a can, kuma har yau ban san wanda ya ci gaba da ɗaure masa wando ba.