Sunan Yaya a Shafi na Arba'in

Auta ake ce masa a gida, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Aikinsa sayar da magani a kemis. Idan ciniki ya lafa sai ya jawo littafin rubutu daga ƙarƙashin kwalin auduga, kuma a haka ya fitar da littattafai uku na gajerun labarai. Na farko ko maƙwabta ba su saya ba. Na biyu aka karanta a rediyo, daga nan kansa ya fara kumbura.

Yana da wata muguwar ɗabi'a: ba ya iya rubuta mutum sai da sunansa na gaskiya, in ya gama ya bi layi-layi yana canzawa. A littafi na huɗu ya tsallake guda ɗaya, a shafi na arba'in. Sunan yayarsa ne, wadda ta raine shi.

Labarin kuwa na wata mata ce da ta fito daga ɗakin asibiti ta zauna a kan matakala, mahaifinta ya cika babu kowa a kansa. Ta koma ta ce wa dangi hannunta yana cikin nasa, har ya sa wa kowa albarka. Shekara goma sha biyu danginsu suna riƙe da wannan albarkar.

Sai da littafin ya shiga kasuwa Auta ya ga sunan. Waya ta yi ƙara, ya ƙi ɗauka. Mace mai irin mayafinta ta gifta, ya duƙa bayan kantar kemis kamar mai neman allura. Tsoro yake ji ƙwarai, kada ta yanke shi har abada.

Ran Talata da hantsi ta shigo, littafin a hannunta.

"Auta, ka ce a kan matakala na zauna, takalmina a hannu."

"Yaya, labari ne kawai."

"A'a, haka aka yi. Daga ina ka hango ni?"

A bayan motar asibiti ya tsaya ran da mahaifin nasu ya cika, awa guda cur, ƙafarsa ta ƙi shiga.

"Ni kwana tara na yi a ɗakin kafin na fito," in ji ta, ta ajiye littafin a kan kantar kemis ɗin. "Kai ko ƙofar ba ka taɓa ba. Wannan a shafi na nawa yake?"