Yadda Na Ɓata Takina Don Baba Ya Kwana

Ubana bai taɓa kwana a gidana ba. Tun da aka kawo ni gidan miji a unguwar Gesse, in ya zo daga Argungu sai ya ɗosana a bakin tabarma, ya sha ruwa, ya ɗan taɓa abinci don kada in yi fushi, kafin la'asar ya kama hanyar tasha. Wai shi ba zai miƙe ƙafa a gidan surukinsa ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma wa ya isa ya ja da Baba?

Sai shekarar da za a cire masa yanar ido a nan Birnin Kebbi. Tun kafin aikin likita ya ja mana kunne: mako guda ba sunkuyo, ba ƙura, ba ruwan fadama, a riƙa ɗiga magani, a dawo rana ta bakwai. In aka yi wasa idon ya tafi, ga shi ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Lokacin dashen shinkafa ne kuwa. Na san halin kayana. In ya koma gida, washegari yana cikin laka har gwiwa, kuma babu mai hana shi.

Ina da ramin taki a bayan kicin, wata huɗu ina tattalinsa. Da yake ina yin kek na suna da biki a tukunyar yashi kan gawayi, ɓawon ƙwai da toka ba sa yanke mini. In haɗa da ɓawon ayaba da kashin awakin maƙwabta. Ya nuna, ya yi baƙi wuluk, yana ƙamshin ƙasa. Ana gobe aikin, da hannuna na kwarara masa ruwa har ya yi caɓal, na juye ruwan wankin kifi, na rufe da leda a rana. Wallahi har da 'yar ƙwallata.

Muna fitowa daga asibiti, ido a naɗe, ya ce, "To, a kai ni tasha."

Na ce, "Haba Baba, ka zo ka sa wa lambuna albarka mana, ko da ido ɗaya ne."

Ya biyo ni yana ƙunƙuni. Ina yaye ledar nan, wani wari ya taso, har kajin maƙwabta suka watse. Baba ya ja baya, ya toshe hanci da hannun riga.

"Subhanallahi! Mi ne ne wanga?"

"Taki ne, Baba."

"Taki? Wanga ai mushe ne!"

Na gyara tsayuwa, na shiga zayyana masa shirina. Albasa a gindin katanga inda rana ba ta leƙawa, tumatir a ƙarƙashin dogon yaro, shinkafa kuwa a tsohon bahon wanki. Maigidana, wanda ɗan manomi ne haifaffen Ambursa, na riga na kitsa masa abin da zai faɗa. Ya durƙusa can nesa, ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni cewa na yi ko kananzir za mu zuba a ramin, ya kashe tsutsar."

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, har na ji tsoro. Can ya ce, "A kawo mini kujera."

Na ruga kicin, na cusa mayafi a baki, na yi ta dariya har na zauna daɓas a kan buhun gawayi.

Haka aka fara mulkin mallaka. Yana zaune a inuwa da baƙin tabarau da sanda, ba ya taɓa komai, ni ce jakar aiki. In kwashe, in shanya, in shimfiɗa buntun shinkafa, in yayyafa toka, in soka itace a tsakiya, in zaro in miƙa masa ya ji ɗumin da tafin hannu. In ya buɗe baki zai yi faɗa, in lallaɓa in ɗiga masa magani. Kek ɗina ya raɗa masa suna burodin 'yan gayu, amma duk gefen da ya ƙone shi ke cinyewa da shayi. Wata rana ya tsare ni da wa'azin tazarar albasa har kek ɗin wata mai jego ya ƙone ƙurmus, na sake kwaɓa wani ina waƙa. Ina ruwana, ubana yana kwana a ɗakin baƙina!

Kullum sai ya ce gobe zai tafi, kullum in wayi gari da sabuwar wauta. A rana ta biyar dabara ta ƙare mini. Na fito na iske ya ɗaure ƙunshinsa. Na ce, "Baba, gishiri fa? Ana barbaɗa wa tumatir tun yana shuke?"

Ya ce, "Ke, ya isa hakanan. Ɗiyar da na koya wa dashe tun ba ta kai ƙuguna ba? Takin ga da gangan aka ɓata shi, tun ranar farko hancina ya gaya mini ƙasansa mai kyau ne." Ya kwance ƙunshin. "Ina nan har ranar likita. Amma kada ki gaya wa maigidanki na gane, ki bar shi da kananzir ɗinsa."

Ranar ta bakwai likita ya duba, ya ce ido ya yi lafiya lau. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a cikin asibiti ba, Baba yana cewa in rufa masa asiri. Da muka dawo ya tsaya a tsakar gida, ya cire tabarau. Ya dubi kunyoyin da muka ja, ya dubi ramin, sannan ya juyo kaina ya daɗe yana kallo.

"Matso cikin haske."

Na matsa. Ya kai yatsa gefen ɗankwalina, inda gashi ya leƙo.

"Ashe hurhura ta fito miki," in ji shi a hankali. "Ni duk shekarun ga da fuskarki ta amarci nike ganinki."

Na buɗe baki in yi masa tsiya kamar yadda na saba, sai na fasa. Na durƙusa na riƙe hannunsa, shi kuma ya ci gaba da kallona.